Kwali Daga Mahaɗinsa Yake Mutuwa

 Yau zancenmu a kan kwali ne. Na san akwai wadda za ta yi dariya ta ce, yau kuma abin har ya kai mu ga kwali, abin da yara ke yankawa su yi mota, abin da ake yagowa a hura gawayi? To uwargida, yi dariyarki ki gama, sannan ki gyara zama, domin mata da yawa a ƙasarmu ta Sakaba jarinsu kaf cikin kwali ɗaya yake tafiya.

Ki leƙa tasha ranar kasuwa a Dirin Daji ki gani. Mai ƙuli-ƙuli ta ɗaure nata za a kai mata Zuru, mai daddawa ta haɗa nata za a bi da shi ta Rijau zuwa Kontagora, ga mai man kaɗe, ga mai sabulun gida, ga uwar da ta shirya wa 'yarta kayan komawa makaranta, ga kwalayen amarya cike da tangaran da kofunan gilashi waɗanda sai da aka daɗe ana zubin adashi kafin su taru. Idan gindin kwali ya buɗe a tsakiyar tasha, ƙuli-ƙuli ya watse cikin turɓaya, babu mai biyanki. Direba zai ce shi kaya ya ɗauka, ba shi ya ɗaure ba. Yaron mota ya ce haka aka miƙo masa. Ɗan kamasho kuwa ya riga ya karɓi nasa ya ƙara gaba. Asara sai ta tsaya a kan mai kaya. Kuma ba mu manta da shekarun 2021 da 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka tayar da ƙauyuka da dama a nan Sakaba da maƙwabtanmu na Danko da Wasagu. Gidaje nawa ne takardun makarantar yaransu da katin asibiti suka fito a cikin kwalin taliya, bisa kai ko a bayan mashin? A rana irin wannan kwalin da ya riƙe ba ƙaramin abu ya yi ba.

In kin samu kwalin da ya lalace a hanya, kada ki yi saurin jefar da shi, ɗauko shi ki juya ki duba. Da wuya ki ga cikinsa ne ya fashe a tsakiyar bango. Ko dai gindi ne ya buɗe, ko ɗinkin gefe ya saki, ko kusurwa ta durƙushe. Wato duk inda aka haɗa ɓari da ɓari, nan ne matsala take farawa. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka aikinmu na yau shi ne mu san mahaɗan nan, mu san yadda ake ƙarfafa su da abin da muke da shi a gida.

Amma kafin nan bari mu san shi kansa kwalin. Ɗauki reza ki yanki ɗan ɓari, ki dubi bakin yankan. Za ki ga takarda 3 ce: ɗaya a waje, ɗaya a ciki, sai ta tsakiya wadda aka lanƙwasa ta hawa da sauka kamar kwanon rufin ɗaki, ko kamar kunyoyin gona. Wannan ta tsakiyar ita ce sirrin kwali. Ita ce ke barin 'yan ramukan nan dogaye da kike gani a jere, waɗanda zan riƙa kira jijiyar kwali don mu fahimci juna. Kin san kwanon rufi, ta fuska ɗaya yaro ma zai naɗe shi, ta ɗaya fuskar kuwa sai ƙato ya taka bai lanƙwashe ba. Haka kwali yake. In jijiyarsa tana tsaye, daga ƙasa zuwa sama, yana ɗaukar nauyi kamar karan dawa da aka jera a tsaye aka yi darni. In jijiyar ta kwanta, da ɗan nauyi kaɗan sai ya naɗe. Duk wani gyara da za ki yi wa bangon kwali ko kusurwarsa, ki fara tambayar kanki: ina jijiyar ta dosa?

Wannan dabara ba yau aka fara ta ba. A shekarar 1856 aka fara yi wa lanƙwasasshiyar takarda rajista a Ingila, kuma abin dariya, don a sa ta cikin dogayen hulunan mazansu ne. A 1871 wani Ba'amurke mai suna Albert Jones ya yi rajistarta don naɗe kwalabe da kayan fashewa, a 1874 kuma Oliver Long ya ƙara mata shimfiɗaɗɗiyar takarda a jiki don kada lanƙwasar ta miƙe. Daga nan kwalin da muka sani ya samo asali. Abin da zai fi ba ki mamaki shi ne gam ɗin da masana'antu ke manne waɗannan takardu 3 da shi. Sitaci ne, uwargida. Sitacin masara ko na rogo, wanda suke ƙara wa wasu 'yan sinadarai don ya kama da sauri. Kin ga ke nan abin da ya riƙe kwalin tun daga masana'anta ɗan uwan abin da kike sa wa kayan maigida ne ranar wanki.

To, mu fara da zaɓen kwali, don wani kwalin ko me kika yi masa ba zai kai ki Zuru ba. Kwalin Indomie ƙanana guda 40 yake ɗauka, kowace giram 70, duka-duka bai cika kilo 3 ba. Don wannan nauyin aka yi shi. Sai ke kuma ki cika shi da ƙuli-ƙuli ko sabulu har ki kasa ɗaga shi da hannu ɗaya, ki ce kwalin zamani ba shi da ƙwari. Haba uwargida! Kwalin madarar gwangwani shi ma yana yaudarar mutane. Ana ganin ya saba ɗaukar nauyi, alhali gwangwanayen ne da kansu ke tokare duk abin da aka ɗora a sama, shi kwalin riƙe su kawai yake kada su watse. In kika cire gwangwani kika zuba abu mai laushi, bangonsa ba shi da mai taimako. Ga kaya masu nauyi ki nemi kwali mai hawa 2, wato wanda in kin dubi bakinsa za ki ga layin ramuka 2, irin wanda ake kawo talabijin, janareta ko keken ɗinki a ciki. Masu shaguna suna sayar da su.

Kuma kada girman kwali ya ruɗe ki. A 1963 wani masani a Amurka mai suna McKee tare da abokan aikinsa suka fitar da lissafin da masu yin kwali ke amfani da shi har gobe. Abin da lissafin ya nuna, ƙarfin kwali ba ya ƙaruwa daidai da girmansa. Sai kewayen kwali ya ninka sau 4 kafin ƙarfinsa ya ninka sau 2, in dai takardar iri ɗaya ce, alhali abin da zai ci ya ninka sau da yawa. Don haka matsakaita 2 sun fi ƙato 1, ko da za a ɗan ƙara miki kuɗin mota.

Yanzu sai mahaɗi na farko, gindi. Nan ne mafi yawanmu muke yin aika-aika. Kwali yana da kunnuwa 4 a ƙasa, 2 gajeru, 2 dogaye. Abin da muka saba shi ne mu saƙa su, wannan ƙarƙashin wancan, wancan ƙarƙashin na gaba, na ƙarshen a lanƙwasa shi da ƙarfi a cusa. Yana da sauri, ba ya cin salatef, ido kuma yana ganin kamar ya kulle. Amma ki lura da abin da ya faru: kin karya jijiyar kunnen da kika cusa, kin bar rami a tsakiya, sannan babu abin da ya riƙe kunnuwan sai junansu. Da nauyi ya danno daga sama, sai su zame tare, gindi ya buɗe baki ɗaya. Wannan saƙa a bar wa kwalin da za a zuba tsummoki a tura ƙarƙashin gado.

Yadda ya kamata a yi shi ne, ki kifa kwalin, ki fara kwantar da gajerun kunnuwa, sannan ki shafa musu gam a bayansu, ki kwantar da dogayen a kai har bakinsu ya haɗu a tsakiya. Ki tabbata kwalin ya tsaya daidai, bai karkace ba, kafin gam ya kama. Sai ki juya shi ya zauna a kan gindinsa a wuri mai laushi kuma shimfiɗaɗɗe, ki sa abu mai nauyi a ciki, dutsen niƙa ko jarkar ruwa da kika goge bayanta, ki bar shi ya kwana. Wannan dannewa da wannan kwanan su ne rabin aikin. Gam ɗin da ba a danne ba, saman takarda kawai yake lasa. Mu kuwa sai mota ta tsaya a ƙofar gida tana hon sannan ake neman kwali. Ki haɗa kwalinki tun jajibirin tafiya.

Wane gam? Mafi sauƙi shi ne farin gam ɗin kafintoci, irin su Top Bond, yana kama takarda sosai, ƙaramar roba ɗaya kuma za ta yi miki kwalaye da yawa. In babu, ki dama naki. Ki auna sitacin rogo cokali 1, ruwa cokali 4 zuwa 5, gwargwadon yawan da kike so. Ki fara dama shi da ruwan sanyi har gudaji su mutu, sannan ki ɗora a wuta marar ƙarfi kina juyawa ba tsayawa, har farin ya gushe ya koma kamar ana hango ƙasan tukunya, ya yi yauƙi, ya fi koko kauri amma bai kai tuwo ba. Ki sauke ya huce. Na yini ɗaya za ki dama, don in ya kwana biyu tsami yake yi, ƙarfinsa ya tafi. Garin fulawa ma yana yi, sai dai kyankyasai da ɓeraye sun fi son sa, don haka ban cika so ba ga kwalin da zai daɗe a ajiye. Ƙaro, irin wanda masu wankin hula ke jiƙawa, yana manne takarda da takarda lafiya lau, amma in ya bushe ƙamewa yake yi ya riƙa tsagewa, in ya ji danshi kuma ya saki, saboda haka kada ki ba shi amanar gindin kwali mai nauyi. Sufa gulu kuwa ɓarnar kuɗi ce kawai, takarda shanye shi take yi.

Ko wanne kika zaɓa, shafawa za ki yi siriri, ko'ina ya samu, da tsohon buroshin haƙori ko ɗan yankin kwali. Wata sai ta labta shi kamar tana yaɓen ɗaki, tana ganin yawansa shi ne ƙarfinsa. Gam ɗin nan ruwa ne mafi yawansa. In ya yi yawa sai ya jiƙa takardar ta yi laushi, jijiyar ta kwanta, kin kashe abin da kike son rayawa. Abin da ke ba haɗi ƙarfi shi ne faɗin wurin da ɓari biyu suka kwanta a kan juna, da tsabtar wurin, da dannewa.

Bayan gam sai salatef. Ki sayi mai faɗi, kusan santimita 5, ba siririn nan na manne takardar makaranta ba. Layi na farko ya bi tsagar tsakiya inda dogayen kunnuwa suka haɗu, kuma kada ki yanke shi daidai bakin kwali, ki bar shi ya hau bango ta kowane gefe kamar faɗin yatsu 4. Wannan hawan shi ne ke rataye nauyin gindi a jikin bango. Sai ki sa wani a kowane ƙarshe, ya gitta na farkon, rabinsa a gindi rabinsa a bango, ya rufe tsagar gefe. In kin duba za ki ga ya yi siffar harafin H. Layi 3 ke nan, kuma sun fi naɗin nan da ake yi ana zagaye cikin kwali sau 10 kamar ana ɗaure wa jariri cibiya, a ƙarar da salatef guda a bar tsaga a buɗe.

Ga wani abu da ke ba mata haushi, musamman da hunturu: a manna salatef, kafin a juya ya ɗago. Ƙura ce. Salatef ya kama ƙurar da ke kan kwali, bai kama kwalin ba. Ki goge wurin da busasshen tsumma tukuna, bayan kin manna kuma ki bi shi da bayan cokali kina gogawa da ƙarfi har ki ga launin kwalin ya fito sosai ta cikinsa. Inda mai ya taɓa kuwa, man gyaɗa ko manja ko man kaɗe, babu salatef ko gam da zai zauna a wurin, ki canza kwali kawai. In kuma salatef ya yi miki tsada, ko babu shi a kusa, tsohuwar atamfa ta fi shi. Ki yayyanka ta dogaye, faɗin yatsu 4 ko 5, ki shafa musu sitacin nan, ki shimfiɗa a kan tsagogin kamar dai yadda na faɗa na salatef, ki goge iska ta fita, ki bari ya bushe. Masu ɗinkin littattafai da ƙyalle suke ƙarfafa bayan littafi, don ƙyalle ba ya yagewa a wurin lanƙwasa. Ni a ganina ga kwalin da za a yi ta zuwa kasuwa da shi ana dawowa, wannan ya fi komai.

Kafin ki zuba kaya, ki yanko wani falle daga wani kwalin daidai faɗin gindi, ki shimfiɗa a ciki, jijiyarsa ta gitta tsagar tsakiya. Shi ke raba nauyi ya watsu, kada ya taru a kan tsaga.

Mahaɗi na biyu shi ne na gefe. Kwali falle ɗaya ne aka naɗe, don haka dole akwai kusurwa ɗaya da bakin biyu suka haɗu. Leƙa ciki za ki ga ɗan harshe, faɗinsa kamar yatsu 2, an manne shi ko an buga masa ƙusoshin waya. Tsohon kwali daga nan yake fara saki, sau da yawa daga sama ko daga ƙasa, ba a lura. Sa yatsa ki gwada. In ya fara ɗagowa, ki cusa gam, ki matse da 'yan maƙalan shanya har ya bushe, sannan ki bi kusurwar da ƙyalle mai sitaci ciki da waje. In ƙusoshin waya ne kuma sun yi tsatsa, ki sani kwalin ya taɓa shan ruwa, ki yi hattara da shi.

Akwai masu ɗinkewa da basilla da zaren buhu, kuma ɗinki yana da kyau, musamman da damina da gam ke jinkirin bushewa. Sai dai zare maƙiyin takarda ne. Masu sabulun gida sun san da zare ake yanka sabulu, haka yake yanka kwali in aka ja shi. Don haka huda ta yi nesa da baki kamar yatsu 2, tsakanin huda da huda kuma a bar tazara mai kyau, kada a yi su kusa-kusa kamar ɗinkin riga, in ba haka ba kin yi wa kwalin layin yagewa da hannunki. Ki sa ƙyalle ninki 2, ko yankin tsohon silifa, a ƙarƙashin zaren ta kowace fuska, zaren ya ci su maimakon ya ci takarda.

Sai kusurwoyi, kuma a nan nake so ki ba ni kunnenki sosai. In aka ɗora kaya a kan kwali, yawancin nauyin ta kusurwoyin nan 4 yake sauka ƙasa, kamar yadda dirkoki ke ɗauke da rumfa. Tsakiyar bango kumbura kawai take yi ta ba da wuri. Kwalin da kusurwarsa ɗaya ta taɓa durƙushewa ya zama gurgu, ko da sauran jikinsa sabo ne fil. Yadda za ki ƙara masa dirka: ki yanko ɓari 4 daga wani kwalin, faɗin kowanne kamar tafin hannu 2, jijiya a tsaye, ki lanƙwasa kowanne a tsakiya ya yi kusurwa, ki manna su a cikin kusurwoyin. Tsayinsu ya zama daidai da tsayin cikin kwalin, daga gindi har inda murfi zai kwanta. In sun gaza ko da kaurin yatsa ne, sai kwalin ya riga ya durƙushe kafin nauyi ya iso kansu, aikin banza ke nan. Ga kayan amarya masu fashewa, ki naɗe ɓarin sau 3 ya zama kamar bututu mai kusurwa 3, ya fi tsayawa. Wata dabarar kuma, in kina da kwali 2 da ɗaya ke shiga cikin ɗaya cif, ki haɗa su, amma ki juya na cikin yadda ɗinkin gefensa ba zai faɗo kusurwa ɗaya da na wajen ba.

Tunda an zo maganar lanƙwasa, akwai bambanci tsakanin karya da yanka. In za ki rage tsayin kwali ko ki yi wa ɓari kusurwa, kada ki ja layi da kaifin wuƙa. Da zarar takardar waje ta tsage, ƙarfin wurin ya ragu ƙwarai. Ki ɗora katako miƙaƙƙe, ki ja layin da bayan cokali ko gindin almakashi kina dannawa, jijiya ta kwanta amma fata ba ta fashe ba, sannan ki lanƙwasa ta wajen da kika danna. Akwai labarin wani mai buga takardu a Amurka, Robert Gair, a ƙarshe-ƙarshen ƙarni na 19: ƙarfen injinsa da aka sa don ya karya takarda ya goce ya yanke ta, kaya suka lalace. Daga wannan ɓarnar ya gane ana iya sa ƙarfe mai kaifi inda ake son yanka, marar kaifi inda ake son karya, inji ya yi duka a bugu ɗaya. Haka aka samu kwalin da ke zuwa a shimfiɗe a naɗa shi daga baya. Shi ɓarnarsa ta zame masa arziki, ke kuwa taki a tasha za ta watse, don haka a yi da cokali. In kuma za ki haɗa ɓari 2 don ki yi babban kwali, ki bar su su hau juna aƙalla faɗin yatsu 4, ki fara murje bakin kowanne da kwalba ko taɓarya ya kwanta, sannan ki sa gam. Haɗin baki da baki ba tare da hawa ba, ko salatef nawa aka sa masa, ƙyaure ne, buɗewa zai yi.

Ramin hannu da wasu ke fafewa a gefe don sauƙin ɗauka, ku rage yi. In ya zama dole, a yi shi ƙarami a tsakiyar bango, nesa da kusurwa, a manna wani ɓari ta ciki.

Wajen zuba kaya, kwali ya cika har baki, amma kada ya yi tozo. Wanda bai cika ba murfinsa faɗawa yake yi ya ja kusurwoyi ciki, wanda ya yi tozo kuma duk abin da aka ɗora masa kan kayanki zai sauka kai tsaye. In da sauran wuri, a cike da tsumma, takarda ko ƙaiƙayi a cikin leda, har in kin girgiza ba ki ji motsi ba. Kayan da ke kai da komo a ciki duka suke yi wa mahaɗi a kowane rami na hanya, wadda ta taɓa bin mota daga nan zuwa Zuru kuwa ba sai an ba ta labarin girgiza ba. Murfi kuma a rufe shi kamar yadda aka rufe gindi. Igiya tana da amfani don a samu abin kamawa, amma duk inda za ta ratsa baki, ki sa mata ninkakken kwali a ƙarƙashi. Ki kuma tsaya a kan kayanki lokacin lodi. Yaran mota da 'yan kabu-kabu da robar tayar nan suke ɗaurewa, su taka su ja iya ƙarfinsu, robar ta nutse cikin kusurwa. Ki roƙe su da daɗin baki, ɗan nan sa mini wannan a sama, ɗan nan kada a zauna a kai. In kwalayenki 2 ne ko 3 masu girma ɗaya, a ɗora su kusurwa kan kusurwa. Jerin bulo, inda kusurwar na sama ke sauka a tsakiyar na ƙasa, yana hana kaya zamewa amma yana cinye ƙarfin kwali sosai, don dirka ta sauka inda babu dirka.

Saura babban abokin gaba, danshi. Yankinmu na kudancin Kebbi ya fi Birnin Kebbi da Argungu samun ruwa, daminarmu kuma ta fi tsawo. Takarda shan danshin iska take yi ko ba a zuba mata ruwa ba. Masu gwajin kwali sun tabbatar cewa in iska ta jiƙe sharkaf, irin ta watan Agusta, kwali kan rasa kusan rabin ƙarfinsa ba tare da ɗigo ɗaya ya taɓa shi ba. Ke nan kwalin da ya kai miki kaya lafiya a watan Janairu, kada ki ɗora masa wannan nauyin a tsakiyar damina. Ki rage kaya, ki ninka kwali, ki sa shi cikin babbar leda ko buhu in a mashin za a tafi. Danshi yana fitowa daga ciki ma. Ƙuli-ƙulin da bai huce ba, daddawar da ba ta gama bushewa ba, kifin da aka sauke daga banda da ɗuminsa, duk gumi suke yi a cikin kwali, sitacin da ya riƙe takardun ya saki. A bari kaya su huce sarai, a shimfiɗa leda a ciki saboda mai, sannan a zuba.

Kwalin ajiya na cikin ɗaki, wanda ke riƙe da takardun yara ko kayan da ake tara wa 'ya, kada ya zauna a kan daɓe ko siminti kai tsaye, kuma kada ya jingina da bango. A ɗora shi kan katako ko bulo. Kwali gajiya yake yi in nauyi ya daɗe a kansa, wanda ya ɗauki kaya yau lafiya bayan 'yan watanni sai ki ga ya sunkuya, don haka kada a jibga masa akwati a kai a manta. Ki riƙa ɗaga shi lokaci-lokaci kina duba gindi saboda gara, ita daga ƙasa take shiga, sai ta cinye takardar shaidar makaranta sama na nan kamar ba abin da ya faru. Takardu masu muhimmanci a fara sa su cikin leda a ƙulle, kwalinsu kuma ya zama ƙarami, wanda yarinya ma za ta iya sunguma ta fita da shi.

Abu ɗaya kuma ba na sassauci a kansa. Kwalayen maganin feshi, na ciyawa da na ƙwari, suna da kauri da kyau, don kwalabe masu nauyi aka yi su, da damina kuma ga su nan birjik a shagunan kayan noma. Kada kaurinsu ya ja ki. Takarda tana shan abin da ya zuba mata ta riƙe, ko ido bai gani ba, ko hanci bai ji ba. Kwalin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, fiya-fiya ko maganin ɓera, abinci ba ya shigarsa, kayan jariri ba sa shigarsa, kada ma a yanko ɓarinsa a yi wa kwalin ƙuli-ƙuli dirka ko shimfiɗa.